Jar Fitilar Rumasa'u

Jiya da dare na yi wani mafarki, kuma tun da Rumasa'u ta rasu ban yi barci mai daɗin wannan ba.

Rumasa'u autata ce. A jami'a take aikin wata 'yar fitila ja, ƙarama kamar ƙwayar gero, wadda ake yi da wani abu mai kama da gishiri, wai shi farobiskait. Takan zauna kusa da ni ina tankaɗe tana yi mini bayani, wai koriyar ba ta ba su wahala sosai ba, jar ce mai taurin kai, tana shan wuta amma haskenta bai taka kara ya karya ba. Ba ta gama aikin ba Allah ya karɓi abarsa. Hotonta na nan a bango, sai dai a hoton ba ta dariya. Kwanan nan kuma in na rufe ido na nemi fuskarta tana dariya, ba na samu. Abin da ke cin raina ke nan.

A mafarkin na tsinci kaina a wani gari inda ruwan sama ke fitowa daga ƙasa yana hawa sama. Kowa ya kifa lemarsa ya tsaya a ciki. Gari ya yi dishi-dishi, na tambaya aka ce rana ta tafi suna, sai ta dawo.

Na shiga wani ofis. Wata akuya ce a kan tebur, da farar riga da tabarau, tana tauna takarda.

"Hajiya, wajen Dakta kika zo?"

"Ni ba Hajiya ba ce, ban je ba."

"An je miki," in ji ta. "Dakta na nan. Amma ganinta sai da haske, haske kuwa ya ƙi."

Ta turo mini faifai. Ga 'yar fitilar a tsakiya, tana ci kamar garwashin da aka manta a murhu. Ni dai abin da na sani, in fitila ta yi sanyi mai ake ƙara mata. Na ce a kawo. Wani bunsuru ya shigo da wutar lantarki a galan, na tuttula mata. Ta yi zafi, ta ƙara dusashewa. Na sake tuttulawa. Ta fara gumi.

Sai na ji dariya a bayana.

"Inna! Wa ya ce miki aci-balbal ce?"

Na waiga, duhu kawai.

"Auta, ina kike?"

"Ga ni kusa da ke. Cire takalminki mu shiga."

Sai ga mu a cikin fitilar. Faɗinta ya kai tsakar gidanmu, ƙasan kuwa duk ramuka. 'Yan tsaki farare da baƙaƙe na ta guje-guje suna faɗawa ciki.

"Su ne wutar," in ji muryarta. "In fari ya gamu da baƙi sai su zama haske. In sun faɗa rami kuwa zafi kawai suke zama. Ke kuma kin zo kin ƙaro su da galan."

"To uwar iya magana, me za a yi?"

"Daɓe, Inna. Ni in nuna wuri, ke ki toshe."

Na ji an sa mini madaɓi a hannu. Na ɗaura ɗamara na durƙusa. Ruwan da ke fitowa daga ƙasa shi ya riƙa jiƙa mini jar ƙasar, ban ko nemi bokiti ba. Awakin ofis suka tuɓe fararen rigunansu suka jera a bayana suna buga kofato, har muka samu kiɗa. Na ji bakina na waƙar daɓe irin wadda muke yi muna 'yan mata.

"Inna, kin tsallake wancan."

"Ke da ko ɗakinki ba kya sharewa, yau ke ce mai duba aiki?"

"Ai ni Dakta ce."

"Daktan gidanku."

Muka toshe na ƙarshe. Wani farin ɗan tsako ya yi karo da baƙi, ƙyal! Wani ma haka. Wuri ya fara ja kamar zoɓon da bai jiƙu ba, daga nan kamar manja a rana. Amma hasken in ya tashi sai ya bugi rufi ya dawo ya zauna.

"Ba shi da hanyar fita," in ji Rumasa'u.

Sai ga bunsurun nan. Ya hau katanga ya cinye rufin.

Haske ya watsu har bayan gari. Hannunta na fara gani, da guntun lalle a farce. Sannan wuyanta. Sannan fuskar. Tana kallon laka a goshina tana ƙyalƙyala dariya, wushiryarta a waje, idonta na hagu ya rufe ruf, na dama a buɗe. Abin da na manta ke nan. Tun tana goye haka take dariya, da ido ɗaya.

"Ya yi, Inna?"

"Ya yi, Auta."

"Da saura kaɗan. Abokan aikina za su ƙarasa."

Na tsaya ina kallonta, ita ma ba ta yi gaggawa ba. Akuyar nan ta zo ta fara cin gefen mayafina, na bar mata.

Ƙarar injin markaɗen maƙwabciyata Tabawa ce ta tashe ni. An kawo wuta, 'yar jar fitilar soket na ci a jikin bango. Ban tashi nan da nan ba. Na sake rufe ido don in gwada.

Tana nan. Idon hagu a rufe.