Tatsa a Ɗakin Fayil

Ba don kyansa muka kama gidan nan ba. Ɗaki biyu ne, rufi na yoyo, amma daga ƙofarsa zuwa ofishinmu tafiyar minti bakwai ce. Da na koma aiki bayan haihuwa, sha biyu na yi sai in rufe fayil, in zo in shayar da 'yata, in koma ko shayin oga bai huce ba.

Tana wata huɗu aka mayar da ma'aikatarmu sabuwar sakatariya, can bayan gari. Umarni ne daga sama, wa ya isa ya ce uffan? Motar ma'aikata na tashi shida saura, ta dawo da mu bayan faɗuwar rana, in hanya ta yi kyau ke nan. Gidajen manya a can an gama, namu na ƙananan ma'aikata kuwa har yau bulo ne a jibge. Maigidana ya ce ko an gama ma, shi aikinsa a nan yake. Ban yi musu ba.

Wata dattijuwa a sashenmu ta koya mini tatsa. Sai in shiga ɗakin fayil, in tokare ƙofa da kujera, in tatsa a kwalba. Matan ofis har tsokanata suke, wai na buɗe kamfanin madara. Firij ɗaya ne a benen, na darakta, sakatariyarsa ta ce ba wurin ajiye irin wannan ba ne. Kafin mu iso gida nonon ya tsinke. Sati biyu ina zubarwa, sannan na daina wahalar da kaina. Surukata, Allah Ya saka mata, ta fara ba 'yata madarar gwangwani.

Da yamma dai tana kamawa. Shan nonon asuba ne ya fara faɗuwa, don tana barci nake fita. Sannu a hankali rigata ta daina jiƙewa a mota. Wallahi har daɗi na ji, wai na huta da kunya.

Asabar ɗin nan ina gida, na ɗauke ta na ba ta. Ta dube ni, ta kau da kai. Na juya ta ɗaya ɓangaren, ta ture ni, tana miƙa wa kakarta hannu. Surukata na tsaye da kwalba, ta kasa matsowa.

"Karɓe ta, Mama," na ce. "Yunwa take ji."

Na zauna ina jira kuka ya zo mini, bai zo ba. Na gyara rigata. Watanta shida da kwana tara.