Kujerar Coci

Babana Jerko ya yi shekara arba'in a Jamus yana ɗaura ƙofofin mota, kuma duk watan Agusta yana tsibirinmu yana gini. Filin na mahaifiyata Mandina ne. A wurinmu 'ya'ya maza ake ba gonakin inabi na kan tudu, mata kuwa a bar musu duwatsun bakin ruwa inda ba abin da ke tsirowa. Rabon Mama ya faɗa wani lungu can ƙarƙashin ƙauyen. Mota ba ta zuwa. Ko dai ka shiga da kwalekwale, ko ka gangara ta hanyar awaki. A nan Baba ya kafa gidansa, ɗakin kwana a sama don a riƙa ganin teku daga kan gado, matakala kuma ta waje.

Da ya yi ritaya sai ya mayar da makullin gidan hayarsu na Jamus, mai lif na hawa sama, mai likita a ƙasan bene. Ya ɗauko Mama da gwiwoyinta da ciwon zuciyarta, ya shigo da ita ta ruwa a watan Satumba. Ban ji ba sai da aka gama. Ni a birnin Split nake, inda na sami aiki bayan na dawo daga karatu a Kanada.

A Nuwamba ya kira ni yana tambayar sunan maganin jiri. Da na matsa masa ya ce Mama ta yanke jiki ta faɗi a kicin, amma ta farfaɗo, ba wani abu ba ne. Ranar Asabar na shiga jirgin ruwa, na hau bas zuwa ƙauyen, na gangara da ƙafa. Iskar kudu ta riga ta taso.

Na same su a kicin, su biyu a jikin murhu ɗaya. Gidan ba shi da abin ɗumama ɗaki. Ba wanda ya tuna da sanyi lokacin da ake gininsa.

"Baba, in ta sake faɗuwa yau, ta ina za ka fitar da ita?"

"Kwalekwale."

Na nuna masa taga. Igiyar ruwa tana haye dandamalin da yake ɗaure kwalekwalen.

"To, kujera," in ji shi. "Me aka yi kujera dominsa?"

A cocin ƙauyenmu akwai wata kujerar katako mai dogayen sanduna biyu. Tun zamanin kakanni, in ciwo ya kwantar da wani a lungunan ƙasa, sai a kaɗa ƙararrawa, maza huɗu su sauka su ɗauko shi zuwa titi. Ba a biya, ba a ma godiya. Wanda ka ɗauka, 'ya'yansa za su ɗauki naka. Baba ya sha saɓa sandar nan a hutunsa.

"Rabin garin nan na ɗauki uwarsu ko ubansu," ya ce. "Ranar bikin coci na tsaya a bakin ƙofa na duba da idona. Ƙarti har waje."

"Wane wata ake bikin?"

"Ke ba ki sani ba?"

"Agusta. Yaushe rabonka da garin nan a Nuwamba?"

"Nan aka yanke mini cibiya, 'yar Kanada. Ba ke za ki koya mini garina ba."

"To a gwada. Gobe. Ka kaɗa ƙararrawa, a ɗauki Mama zuwa titi a dawo da ita. In an iya, na yi shiru har abada."

Mama tana ɓare tafarnuwa, ba ta ɗago kai ba. "A gwada, Jerko. Shekara nawa ina bin ka da kaya, ni ma a ɗauke ni sau ɗaya."

Da safe muka hau ƙauyen ni da shi. Ya kaɗa ƙararrawa da ƙarfinsa duka, ya fito ya tsaya a dandali hannu a ƙugu. Muka jira.

Wanda ya fara zuwa Barba Dinko ne, tsohon masunci, ya ba saba'in baya da nisa. Duk dattijo a tsibirin Barba muke ce masa. Bayansa Barba Frane ya taho yana tari, da takalmin cikin gida.

"Wa ya mutu?" in ji Frane.

"Ba kowa. Mandina za a ɗauko."

"Tana numfashi?"

"Gwaji ne. Yarinyar nan ce ba ta yarda akwai maza a garin nan ba."

"Tana da hankali," in ji Dinko. "Ba kai ta biyo ba."

Baba ya dubi lungunan. Tagogi a rufe, kuliyoyi a kan matakala. "Ina sauran?"

"Waɗanne sauran, Bajamushe?" in ji Dinko. "Duba. 'Ya'yan Marin suna Dublin suna wanke kwanukan wasu. Nawa yana Zagreb. Luje kuwa yana nan bayan coci tun bara, ƙarƙashin dutse. Je ka tashe shi, ƙila ya ji muryarka."

"A Agusta na ga..."

"A Agusta ni ma ina da jikoki."

Suka fito da kujerar, suka kaɗe ƙurarta. Sanduna biyu, bakuna huɗu, maza uku. Na kama na huɗun.

"Saki, Vinka," in ji Dinko. "Mace ba ta taɓa sandar nan ba tunda aka sassaƙa ta."

"To a kira Barba Luje."

Ya dubi Baba. Baba ya dubi ƙasa. Muka gangara da kujera ba kowa a kai, Frane yana cewa ai ba ta da nauyi.

Mun tarar da Mama a bakin ƙofa da rigar sanyinta ta zuwa coci, jaka a cinya. Ta zauna a kujerar, aka ɗaure ta da ɗamara. Ni da Dinko a gaba, Baba da Frane a baya, inda nauyi yake.

"Mandina, me Jamusawa suka ɗura miki?" in ji Dinko. "Da muna rawa a dandali da hannu ɗaya nake ɗaga ki."

"Lokacin kana da haƙora."

"Haƙora ke ɗaukar kaya?"

"Ja bakinka ka duba gabanka, tsohon banza, kada ka zubar da ni a rami."

Raha ba ta daɗe ba. Hanyar tsakuwa ce da duwatsu masu santsi, kwana bayan kwana, gefe ɗaya gangare har ruwa. Sandar ta shiga cin kafaɗata. Daga baya ba na jin komai sai numfashin Frane, kamar ana zarto. A gindin wani tsohon zaitun, wajen rabin hanya, kujerar ta karkata hagu. Mama ta riƙe ɗamara. Muka dire ta da ƙyar.

Frane ya zauna a ƙasa, ya jingina da bishiyar. Leɓunansa sun yi shuɗi.

"Na gama, Jerko. In kana so ka sauke ta ka ɗora ni."

Ba wanda ya yi dariya. Baba ya share gumi da hularsa.

"Kun gani? Rabi muka yi, ba shiri ba komai. A huta, a mayar da ita ƙasa. In an sami mutum ɗaya..."

"Sama," in ji Mama.

"Me?"

"Sama za ku kai ni. Tunda kun kawo ni nan, ku ƙarasa. Ba za ku iya sau biyu ba."

"Gwaji ne, mace. Wake na kan wuta."

Ta buɗe jakar. Magungunanta ne duka a ciki, da tabarau, da rigar barci. Ta nuna masa, ta rufe.

"Ranar da na faɗi, ina kwance a ƙasa ina jin ka. Ka fita ka duba teku, ka dawo. Ka sake fita, ka dawo. Sai ka zauna kusa da ni kana riƙe da kofin ruwa. Ba na zarginka. Amma ba zan sake kwanciya ina jin takunka haka ba."

Dinko ya juya yana duban ruwa.

Muka bar Frane a gindin zaitun da gorar ruwa. Baba ya shiga tsakanin sandunan baya, ya kama duka biyun shi kaɗai. Mu ɗan ɗaga, mu dire. Inda hanya ta yi ƙunci sai Mama ta sauka ta rarrafa, ina tura ta. Duk tsawon hanyar Baba yana magana da ƙeyarta. Zai sauko da gado ƙasa. Zai sa murhu babba. Lemon da ya dasa bana zai fara 'ya'ya. Ƙaramar hukuma ta yi alkawarin titi.

"Tun ina da cikin Vinka ake alkawarin titin nan," ta ce.

Rana ta karkata kafin mu kai dandali. Dinko ya zube a matakalar coci. Bas ɗin yamma yana tsaye, direba yana shan taba.

"Baba, shiga mu tafi," na ce.

"Ina?"

"Wurina."

Ya san wurina. Ɗaki ɗaya ne a hawa na uku, ba lif, taga tana kallon bangon gareji.

"In kwana a baho?"

"Za mu nemi wani wuri."

"Da me? Duk abin da na tara yana can ƙasa, siminti ne da tayil. Wa zai sayi gidan da akuya ke tunani kafin ta je?" Ya gyara wa Mama wuyan riga. "Ga Frane can a ƙasa, sai an ɗauko shi. Kwalekwale ma ban ja shi tudu ba. In iska ta lafa zan zo."

"Jerko," in ji Mama, "ka kashe wutar waken."

Ya ɗaga mata hannu. Bas ya tashi, na waiwaya na gan shi yana ƙoƙarin tayar da Dinko.

Iska ta lafa bayan kwana biyu. Bai zo ba. Ya zo Kirsimeti, ya kwana a kujera, ya koma washegari, ya ce gida yana tsotsar danshi in ba kowa.

Mama tana kan gadona, ni ina katifa a ƙasa. Ba ta sauka benen sai ranar asibiti, maƙwabcina ke taya ni riƙe ta. Frane ya rasu a Janairu. Ɗan Dinko ya zo ya tafi da mahaifinsa Zagreb.

A can lungun, waya ba ta kamawa, sai Baba ya hau wani dutse bayan gida. Yakan kira da hantsi, ya tambaya ko Mama ta ci abinci, ko ta yi maganar dawowa in sanyi ya wuce. In ce ta ci. Ranar da bai kira ba ni nake kira, ba ta shiga, sai in jira gobe.