Birki a Tsakiyar Kwana

Shekara ashirin ke nan da na bar tseren mota na koma rubuta labarinsa a jarida, kuma ba na raga wa kowa. Ba na ma duba sunan direba sai na gama rubutu, don kada sanayya ta sa in sassauta.

Ranar Alhamis bayan la'asar ina zaune a gidanmu na unguwar Shisha a Makka, ina kallon bidiyon tseren da aka yi da safe. Mota mai lamba ashirin da bakwai ta shigo kwana a guje, sai da ta kai tsakiya direban ya taka birki. Bayanta ya zame, da ƙyar ta miƙe. Na rubuta: "Wanda ya koya wa wannan tuƙi ya cancanci bulala."

Da na sake kallon wurin sai na gane salon. Haka nake shiga kwana, haka kuma na kife a tserena na ƙarshe, na fito da karyayyen ƙugu. Na gaya wa duniya taya ce ta fashe, har ni ma na kusa yarda. Kuma mutum ɗaya tak na taɓa koya wa tuƙi: 'yata Rawan, a titunan Muzdalifa bayan alhazai sun watse.

Na ƙwala wa matata kira. "Safara'u! Ina Rawan?"

"Tana Jidda wurin gwaggonta," ta ce, idonta a ƙasa.

Na buɗe jerin direbobi, na duba lamba ashirin da bakwai. Rawan Mukhtaru Sada. Innalillahi! Ga shi gobe ta kan dutse za su bi, kwana bisa kwana, rami a gefe. Tsoro ya kama ni irin wanda ban ji ba ko ranar da na kife.

Na buga mata waya.

"Abuya, wallahi na so in faɗa maka..."

"Halas, ya isa, ya binti, 'yata, saurara. Gobe ki taka birki kafin kwana, ba a cikinta ba."

"Amma kai ka koya mini..."

"Ba taya ce ta fashe ba, Rawan. Ni ne."

Safara'u, wadda ta yi jinyata wata takwas tana tsine wa masu yin taya, ta tsaya tana kallona baki buɗe.

Maganar bulala ban goge ta ba. Na dai ƙara sunan malamin, wato nawa, a ƙarƙashinta.