Kwamfutar Zuwa Babban Mutum

Firdausi ce ta fara hango kwamfutar, tun muna bakin ƙofar shagon. Tana cikin akwatin gilashi ita kaɗai, launin azurfa, siririya kamar littafin rubutun ɗan firamare. 'Yar tawa ta dafa gilashin da hannu biyu.

"Baba, ga ta nan. Ba sai mun duba wata ba."

"Bari dai in gaisa da mai shagon," na ce.

Nabil ne mai shagon, ɗan wani tsohon ɗalibina, yana sayar da kwamfutoci a cikin garin Daura. Ya fito ya rusuna, ya tambayi mutanen Sandamu, ya yi mini ta'aziyyar da ta makara da shekara biyu. Na amsa. Na saba.

Matata Murjanatu ce ta rasu. Shekara talatin da ɗaya muka yi tare. Na koyar da tarihi a makarantun ƙasar Daura har na yi ritaya, kuma ɗakina cike yake da littattafan da gara kaɗai ke taya ni karantawa. Amma ranar da na zauna in rubuta rayuwar matata domin 'ya'yanta, sai na tarar ban san kome nata ba kafin ranar da aka kawo ta gidana. Ban taɓa tambaya ba. Ina karatu.

Mutum ɗaya ya rage da zai iya faɗa mini, wato mahaifiyarta, Inna Siddiƙa, da ke Babban Mutum. Ta haura saba'in da biyar, kuma sau biyu ta kwanta a bara har aka fara kiran dangi. Ni surukinta ne, don haka ban taɓa zama a ɗakinta ba. Daga tsakar gida nake durƙusawa in gaishe ta, ta amsa daga bayan asabarin ƙofa. Murjanatu kuma 'yar farinta ce, ba ta kiran sunanta, ba ta hirarta. Ranar da aka kai mata labarin rasuwar, abin da ta tambaya shi ne ko an ba awaki ruwa.

Firdausi ta gwada zuwa da wayar hannu ta ɗauki muryarta. Tsohuwar ta yi ta zolayarta kamar yadda kaka ke yi wa jika, daga ƙarshe ta ce a fitar mata da abin daga ɗaki, ta ji labarin matan da suka yi magana a cikinsa washegari aka ji su a kasuwa. Amma ta aiko da saƙo: in Malam yana so, ya zo ya zauna inda ya saba, ya ɗauka da nasa injin ya ajiye a gidansa. Ita bango za ta yi wa magana.

Muryarta ta dushe, kunnena ma ba na da ba ne. Shi ya sa na nemo makirfo mai igiya kamu goma a wurin mai gyaran lasifikar masallacinmu, wanda za a tura ta ƙarƙashin asabari. Yana cikin jakata ranar da muka shiga shagon Nabil.

Nabil ya buɗe akwatin gilashin ya miƙo mini siririyar kamar mai miƙa jariri.

"Ɗaga ta ka ji, Malam. Da yatsa biyu ma za ka iya. Manyan ma'aikata duk ita suke riƙewa yanzu."

"Na ga aikin da suke yi da ita," na ce.

Amma na ɗaga, kuma ba zan yi ƙarya ba, ta shiga raina. Ba ta da nauyi ko kaɗan. Jikinta sumul, da sanyi a tafin hannu duk da zafin bazarar da ake yi. Kafaɗata ta dama ta daɗe tana damuna, kuma hanyar Babban Mutum sai an shiga motar Baure sannan a hau mashin da jaka a rataye. Firdausi ta ga fuskata ta san ta samu ƙofa.

"Ka tuna kafaɗarka, Baba. Likita ya ce kada ka ɗauki abin da ya fi buta."

"Ya kuma ce in daina fushi. Kunna mini ita, Nabil."

Ya kunna. Na ɗauke ta na fita da ita bakin titi. Nabil ya biyo ni da sauri har yana tuntuɓe, wai ko na manta ban biya ba. Na tsuguna a rana na ɗora ta a cinya, yadda zan zauna a tsakar gidan Inna, inda babu inuwa sai ta turmi. Gilashin fuskarta mai sheƙi ne. Na duba ban ga rubutu ba, ban ga kome ba, sai wani tsoho mai furfura yana hararata.

"Wannan madubi ne," na ce.

"A ɗaki ake aiki da ita, Malam."

"Ni ba a ba ni ɗaki ba."

Muka koma ciki. Na zaro makirfon na kwance igiyar, na juya kwamfutar gefe da gefe ina neman inda zan soka bakinsa. Ramuka biyu ne kawai a jikinta, ƙanana kamar hancin ɓera. Bakin makirfona mai faɗi ne.

Nabil ya yi dariya. "Ai wannan tsohon yayi ne. Akwai ɗan mahaɗi da ake sa masa."

"Kawo."

"Ya ƙare. Amma zan sa a taho da shi daga Kano."

"Yaushe?"

"In Allah ya so, mako mai zuwa."

"Na bar wa Allah nasa. Kai nake tambaya."

Ya sosa ƙeya ya ce mai kawo masa kaya ya tafi biki, watakila mako biyu. Na dubi Firdausi. Ta san abin da mako biyu yake nufi ga tsohuwar da ba ta iya gama kofin koko.

"Ba ka da wata?" na tambaya.

Yana da ita, a ƙasan kantar shagon, cikin waɗanda ba ya nuna wa baƙi. Baƙa ce, ta hannu, ta fi waccan kauri kusan ninki biyu, ko da yake ita ma ba ta kai kwamfutoci masu kama da tubali da muka yi amfani da su a ofishin makaranta ba. Murfinta da ƙarzuwa a kusurwa, da tabon wata takarda da mai ita na farko ya manna aka ɓamɓare. Harafi biyu sun goge a madannanta. Na soka makirfon ya shige daram. Na fita da ita rana, fuskarta ba ta sheƙi, na karanta kome. Na ɗaga ta da hannun dama, kafaɗata ta gaya mini ra'ayinta nan take.

"Batirin fa?"

"Sabo na sa mata. Awa biyar."

"Cire ta daga wuta. Zan zauna in gani."

Nabil ya ɗauka wasa nake. Na ja kujera na zauna, na sa ta ɗaukar murya, na ajiye makirfon a kan kantar ya yi ta kwasar cinikinsa da rantse-rantsensa. Na bar ta a kunne na je sallar azahar na dawo. Firdausi tana tsaye har lokacin a gaban akwatin gilashi, ta juya mini baya.

"Zo ki zauna," na ce.

"Ba zan zauna ba."

"To ki tsaya."

Ta juyo, idonta ya yi ja. Shekararta ashirin da takwas, malamar asibiti ce a Katsina, amma a ranar kamar 'yar shekara tara.

"Littafin Mama za a rubuta a ciki," ta ce a hankali don kada Nabil ya ji. "Shi ya sa. Ina so ko sau ɗaya a yi mata abu mai kyau. Kai ba ka taɓa saya mata abu don kyansa ba, Baba. Keken ɗinki, tukunyar gas, fitilar caji. Ko turmin atamfa in ka kawo sai ka ce ba ya kodewa."

Na bi shekarun ɗaya bayan ɗaya ina neman ko ɗan kunne. Babu.

"Gaskiyarki," na ce.

"To ka ɗauki waccan."

"A'a."

"Baba!"

"Waccan ba za ta ji kakarki ba. In na ɗauke ta, ni zan ji daɗi, ke ki ji daɗi, mu koma Sandamu da abu mai kyau wanda babu kome a cikinsa. Abin da ban yi wa uwarki ba ya wuce ni. Wannan bai wuce ba tukuna, amma saura kaɗan."

Ta zauna a kan benci nesa da ni. Da aka kira la'asar kwamfutar tana nan da ranta. Na sa Nabil ya mayar mini da abin da ta ɗauka, muka ji muryarsa tangaran yana rantse wa wani mutum cewa cajar da ya sayar masa ba jabu ba ce. Ya roƙe ni in goge. Na goge, na ɗauki baƙar.

Kwana biyu bayan haka muka isa Babban Mutum da hantsi. Firdausi ta karɓi jakar a kan mashin ta rataya, ni kuma ban yi mata godiya ba. Na cire takalmi a bakin zaure, na shiga na durƙusa a tsakar gida.

"Ina kwana, Inna."

"Lafiya lau. An zo lafiya? Ya mutanen gida?"

Muryar kamar ana murza busasshen ganye. Firdausi ta shimfiɗa mini tabarma, ta ja igiyar ta ɗaga gefen asabari ta shiga da makirfon. Na ji tsohuwar tana cewa, "Ke kuma uwar iyayi, har yanzu babu mijin da ya yi kuskuren ɗaukarki?"

"Ina jiran ki mutu in gaji gadonki na ƙarfe tukuna."

"Fita mini, marar kunya. Ki tafi zaure, ba da ke zan yi ba."

Firdausi ta fito ta wuce zaure. Na sa abin sauraro a kunne, na danna. Rana ta fara dukan ƙeyata. A fuskar kwamfutar wani layi ya miƙe, ba ya motsi. Na ji numfashinta, na ji kaza tana tono a bayan ɗaki. An daɗe a haka, har na fara tunanin ta fasa.

Sai layin ya motsa.

"Yarinyar nan," ta ce, "shekarar da farar ɗango ta sauka aka haife ta, gero yana kan fitar da kai. A ɗakin uwata na haife ta. Da haƙori ɗaya ta zo a ƙasa, mata suka yi ta surutu, uwata ta kore su da muciya."

Ta yi magana kusan awa guda, tana hutawa tana ci gaba. Ta ce ba ta kuka sai in an sauke ta daga baya. Ta ce ta fara tafiya ne tana bin wata tunkiya. Ta ce ita ba ta taɓa ɗaukarta a gaban mutane ba, sai in an watse ta jawo ta ta shinshina wuyanta. Ban taɓa kome ba. Gumi yana ɗiga daga haɓata kan madannai, na sa hannun riga na goge.

"Iyakar nawa ke nan," ta ce.

Na ɗauka ta gaji ne. "Sai in dawo gobe, Inna."

"Ko an dawo babu ƙari. Shekara biyu na yi da ita. Ranar da aka yaye ta, goggonta ta zo daga Kongolam ta goya ta ta tafi. 'Yar fari ce, ba a bar mini ba, ni ma ban buɗe baki na ce a bar mini ba. Ba ta dawo gidan nan ba sai da ta shekara goma sha huɗu, ta zo da tsayinta da karatunta, tana ce mini Inna kamar kowa."

Kongolam. Watakila Murjanatu ta taɓa faɗa mini. Ina jin ta taɓa.

"Goggon tana raye?" na tambaya.

"Ta daɗe da rasuwa. Amma 'yarta Rukayya tana nan, tana sayar da man gyaɗa kusa da inda motocin ƙetare iyaka ke tsayawa. Tabarma ɗaya suka kwana. In an je a ce ni na aiko." Ta yi tari. "Abin da ta faɗa kuma, a dawo a kunna mini in ji. Ni ma ban sani ba."

"Za a dawo, Inna."

"A yi sauri dai."

Na adana abin da na ɗauka a wuri biyu, na rufe kwamfutar. Ƙafafuna sun yi tsami, sai da na dafa turmi na miƙe. Na kira Firdausi ta shiga ta ciro makirfon, tana naɗe igiyar a hannunta tana duban fuskata.

"Ta yi magana?"

"Ta yi. Yaushe hutunki zai ƙare?"

"Jibi."

"Kira asibitin ki ce sai Litinin. Ki tambayo mana mai mashin, in za mu samu motar Daura kafin la'asar, gobe da safe muna Kongolam."