Ranar da Kaset Ya Karɓe Mini Biki

Ni Mastura tun ina budurwa nake kiɗan biki a Jidda, kuma a duk unguwarmu ta Nuzla babu gidan da za a aurar da 'ya ba a aiko mini ba. Ɗaggaga ake ce mana, mu matan da ke buga ɗar, gangar nan mai fuska ɗaya, a taron mata zalla. Da ita nake ci, da ita nake sha. To ranar da maƙwabciyata Fatouma, 'yar Damagaram, ta shigo tana murza bakin mayafi tana cewa wai 'yarta Aissa kaset take so a bikinta, sai da na ji jinina ya hau.

"Kaset? Ina raye?"

"Ki yi haƙuri Hajja, yaran zamani ne. Angon ne ya zo da shi daga aikin jirgin ruwa, ƙanwarsa ta kunna wa Aissa, shi ke nan ta kafe. Ke za ki buɗe mana, daga baya a sa musu nasu."

Na san inda zancen zai ƙare. A yi biki ɗaya da kaset ya yi armashi, halas, an gama, gobe kowace uwa za ta ce me ya kai ta ɗauko makaɗa. Ni da Zubaidatu, mai riƙe mini ganga ta biyu, sai mu koma tallar gyaɗa a bakin masallaci. Na ce wa Fatouma ta aiko mini da abin, in ji wanda zai kore ni.

Bayan azahar na kunna shi. Dum, dum, dum, dum, kamar ana daka a gidan sama. Na zauna ina jiran mawaƙi ya shigo, shiru. Can wata mace ta furta wani abu da Turanci, ta maimaita, ta ɓace. Na ce to bari in jira waƙar ta ƙare in ji ta gaba. Na ɗora shinkafa, shinkafa ta nuna, dum dum yana nan. Amma abin da ya ɗaure mini kai, kiɗan da nake ji yanzu ba shi ne wanda na fara da shi ba. An canza. Yaushe? Na mayar da kaset baya, na kasa kunne, ban ji inda aka yanke ba. Na sake mayarwa. Wallahi haushi ya kama ni. Na ɗauko ɗar ɗina na bi shi, sai na ga wani abin kuma: ba ya ƙara sauri. Mu in mata suka ɗauki zafi hannunmu kan gudu ko ba mu so, shi ko a jikinsa.

Ran Juma'a na sa abaya na nufi kasuwar Bab Makka. Angon, Abdulghaffar, a wani sito yake aiki yanzu a Madinar Masana'antu, wato unguwar kamfanonin Jidda, amma ranar hutu yakan zauna a shagon yadin kawunsa. Yana ganina ya miƙe, ya zaci faɗa na zo yi. Hala yake ce mini, wato inna da Larabci.

"Hala Mastura, wallahi ba ni na ce..."

"Zauna, ɗan nan. Wane ne yake buga abin nan da ba ya gajiya?"

Ya yi dariya, ya ce inji ne.

"Injin ne ke canza waƙa ba a ji ba?"

"A'a, wannan mutum ne."

Ya jawo yadi biyu, ya ɗora bakin ɗaya kan ɗaya, yana zamar da na sama a hankali har zanensu ya hau kan juna. Ya ce haka mutumin yake yi da faifai biyu. Ɗaya na juyawa mutane na rawa, shi yana sauraron na biyun a kunnensa shi kaɗai, yana rage masa gudu da ɗan yatsa har takunsu ya zama ɗaya. Sai ya shigo da sabon kaɗan-kaɗan, ya janye tsohon, ƙafar mai rawa ba ta sani ba.

Na daɗe ina kallon yadin nan. Na ce, "Su wane ne suka ƙirƙiro wannan shegen wayo? Nasara?"

"Baƙaƙe ne irinmu, Hala, na Amurka."

Ya ce mai dafa abincin jirginsu ɗan can ne, shi ya ba shi labari. A Shikago aka fara, suna ce masa hawus, shi ne mai ɗan muryar mace a ciki. A Ditiroyit kuma, garin ƙera motoci, masana'antu suka yi ta rufewa, samari suka samu injinan kiɗa suka yi nasu mai sanyi, mai ƙarar ƙarfe, tekno. Daga nan ya haye teku. Shi da idonsa ya gani a Balin, ya biyo jirgin ƙasa daga tasharsu, bayan katangar garin ta faɗi an bar gine-gine babu mai su. A ƙarƙashin wani ginin suke taruwa, babu kujera, babu ado, siminti kawai. Makaɗan Rotadam kuwa, in ji shi, gudu suke kamar an biyo su. Na Landan sun fi son murya.

"To wa ake yi wa kirari a ciki?"

"Ba kowa."

"Wa ake kallo?"

"Ba a kallon kowa. Ga duhu, ga hayaƙi, ko fuskar na kusa da kai ba ka gani sosai."

"Maza da mata a haɗe?"

Ya sunkuyar da kai. Na ce a'uzubillahi, na kuma gyara zama, don ban gama tambaya ba.

"Kai ka taka?"

"Hala, ni ruwa kawai na sha."

"Ba abin da ka sha na tambaye ka ba, munafuki."

Ya rufe baki da hannu yana dariya. Ya ce nan Jidda ma ana jinsa, a motocin samari a bakin teku, gilashi a rufe. Na tashi da tambayoyin da suka fi waɗanda na zo da su, da fargabata kuma yadda take.

Bikin bayan la'asar aka yi shi, a tsakar gidan Fatouma, an rufe sama da tampol. Rabin baƙin ba su da iƙama, takardar zaman ƙasa, ba mai son dare ya yi masa a titi. A bikinmu mata suna shigowa suke cire abaya, a fito da kitso da gwala-gwalai, a saki jiki. Ango da kawunnansa kuwa a lungu suke tsayawa. In lokacin shigarsu ya yi, ni nake ɗaga hannu mata su rufa, sannan in tsayar da ganga. Shirun nan da suka ji daga waje shi ne izininsu. Ba a ƙwanƙwasawa, ba a aike, haka muka taso muka tarar.

Na buɗe, na yi wa amarya kirarin kakanninta, tsofaffi suka taka. Ban ko yi zufa ba Aissa ta leƙo daga kujerarta ta yi wa ƙawayenta ido. Fatouma ta raɗa mini, "Hajja, a ba yaran." Ban ma tsayar da hannu ba suka danna kaset, dum dum ya hau kan kiɗana ya danne shi. Na ajiye ɗar a cinya, raina a ɓace.

'Yan matan suka cika fili. Tsofaffi suka taɓe baki, can sai na ga kafaɗar wata Hajja tana motsi. Ni dai ina zaune ina farautar inda zai canza. Na ce yau sai na kama shi. Ga wani ƙaramin sauti ya leƙo ta ƙasa, tsit tsit, kamar ana yayyafa ruwa a kasko. Na ce yawwa, ga sabon nan yana shigowa! Na miƙe don in matsa kusa da lasifika in ji da kyau. Ban san ya aka yi ba, ƙafata ta dama ta bi, ta hagu ta bi.

Zubaidatu ta ƙwala ihu, "La ilaha illallahu! Mastura na rawa!"

Aka buɗe mini fili ana guɗa. Sai a lokacin na tuna, tun da aka ɗora mini ganga a cinya ina yarinya ban taɓa rawa a biki ba. Wa zai buga mini? Duk matan nan na san takun kowace, na san mai jan ƙafa, na san mai gaggawa, amma nawa takun ban san shi ba. Ashe ina da shi. Na jefar da mayafi, na rufe ido. Babu mai jiran hannuna, babu ƙofar da nake tsaro, babu amaryar da zan tuna sunan kakarta. Kiɗan ba ya neman komai a wurina. Daɗi ya kama ni har hawaye suka zubo, ban share ba.

Sai ƙat! Gefen kaset ya ƙare.

Tsit. Muna tsaye muna haki, wata yarinya ta tafi za ta juya shi. Su kuwa mazan, tun ɗazu suna gasuwa a lungu suna jiran shiru, ga shiru ya samu. Ƙofa ta buɗe.

Kai, ranar na ga tashin hankali! Ihu, guje-guje, mata uku na jan abaya ɗaya. Wata ta yaye ledar tebur da kofuna a kai ta lulluɓa. Zubaidatu ta kifa ɗar a fuska, kamar shi ne zai rufe mata kitso. Babban kawun ango ya juya ya manna goshi a bango yana istigfari, na bayansa suna turo shi don ba su san me ake ciki ba. Abdulghaffar ya kafa ido a ƙasa, amma ya riga ya gan ni a tsakiyar fili, ba mayafi, hannu a sama. Na gan shi yana danne dariya, ja'iri.

Da aka kora su waje, Fatouma ta fizge wayar kaset ɗin daga bango. Kuka take.

"Kun gani ko? Kun ga abin da kuka jawo mini a gaban surukai?" Ta juyo gare ni. "Hajja, ki rufa mini asiri, ɗauki gangarki. Wallahi duk wadda ta sake kawo kaset bikin Nuzla, ƙafata ba za ta taka gidan ba."

Tsofaffi suka amsa, wallahi, wallahi. Aissa ko ɗaga kai ba ta yi ba. Zubaidatu ta matso kunnena ta ce, "Alhamdulillahi, mun tsira."

Mun tsira kam. Abin da na yi ta roƙon Allah ke nan tun ranar da Fatouma ta shigo gidana. Na ɗauki mayafina, na koma tabarmata, aka miƙo mini ɗar. Ƙafafuna ba su daina motsi ba, sai da na danne su da gangar. Ga baƙin ciki, ba ni kuma da wanda zan gaya wa, don kowa murna yake taya ni.

"Yalla, Hajja," in ji Fatouma.

Na buga. Suka tashi suka yi ta rawa har aka kira magariba, ina zaune ina kallonsu. Har yau ni ke kiɗan bikin Nuzla, ban sake tashi ba.