Kujerar Saje

"Sake murɗawa!" in ji bakaniken daga ƙarƙashin bonet.

Tela ya murɗa makullin. Tsohuwar a-kori-kurar sojan ta yi gurnani sau biyu, ta yi shiru. Karo na goma sha ɗaya ke nan tun hantsi, kuma kowane karo sai ya waiga ya dubi tagar ɗakin da Saje yake kwance.

Shekara huɗu Saje, maƙwabcin nasa, ya yi yana fama da motar nan a tsakar gida. A gwanjo ya saye ta bayan ya bar aikin soja, inda ya ƙarar da ƙuruciyarsa wajen gyaran irinta. Da igiya aka jawo ta, ba gilashi, ba fitila. Ya sauke injin ya wanke, ya sa sabon lagireto, ya canja birki, ya ja sabbin wayoyi da hannunsa. Ana saura kwana ɗaya ya tayar da ita ɓarin jikinsa ya shanye. Sati biyu aka yi a asibiti, sannan likita ya ce a mai da shi gida, da irin muryar da kowa ya gane.

Shi Tela bai san komai a mota ba. "Kai farar hula, miƙo sufana," Saje zai ce, shi kuwa ya miƙa filaya, a yi ta yi masa tsiya har yamma. Abu ɗaya ya iya, kuma ya yi shi: Saje na asibiti, Tela ya cire yagaggiyar rigar kujerar motar, ya ɗinka sabuwa koriya. Jiya kuma, da ya ga idon abokinsa a kan taga, bakinsa ya suɓuce. "Gobe za ka ji kukanta," ya ce. Tun daga nan zama ya gagare shi, sai da ya ɗauko bakanike.

Matar Saje ta leƙo, idonta ya yi ja.

"Tela, zo ka ji. Kalma ɗaya yake ta maimaitawa, kujera, kujera. Mun zaunar da shi ya ƙi. Mun kawo ta roba, ya ture."

"To Yaya, ga ni nan."

Ɗakin na warin magani. Saje, ƙaton da ke ɗaga taya da hannu ɗaya, ya zama ɗan tsurut a cikin bargo. Numfashinsa na fita da ƙyar.

"Ku... jera," ya ce. Ya ɗaga hannun mai lafiyar, ya lanƙwasa yatsa yana soka iska.

"Ta motar kake nufi? Ai na gyara ta, Saje. Sabuwa fil, ko ɗan huji babu."

Saje ya runtse ido, ya juyar da kai bango. Tela ya san wannan fushin, amma bai san laifinsa ba. Ya fita.

A waje bakaniken na goge hannu da tsumma.

"Baba, ni kam ta ƙure ni. Batir lafiya, filogi sababbi, mai yana zuwa. Wuta ce ba ta isowa. Ka san tsofaffin nan, wani sai ya ɓoye makunni saboda ɓarayi. In ba ka taɓa shi ba, sai ka shekara kana murɗa makulli."

Tela ya tsaya cik. Ya tuna, a gefen tsohuwar rigar kujerar, ta wajen ƙofar direba, akwai wani huji daidai shigar yatsa, an daje bakinsa da baƙin zare, mummunan ɗinki irin na wanda bai taɓa riƙe allura ba. Har dariya ya yi ranar. Ya ɗauka yagewa ce, da ya zo ɗinka sabuwar ya rufe wurin ruf da ɗinki biyu.

"Wayyo ni!" ya ce.

Almakashinsa na aljihu kamar kullum. Ya durƙusa a bakin ƙofar motar, ya keta aikinsa na kwana uku. Ya cusa yatsa cikin soso, ya laluba, ya ji ɗan ƙarfe mai sanyi. Ya danna.

"Murɗa! Don Allah murɗa!" ya ce wa bakaniken.

Motar ta yi tari, ta girgiza, ta kama. Kukanta ya cika gidan, baƙin hayaƙi ya turnuƙe shanyar da ke kan igiya. Tela bai tsaya rufe ƙofa ba, ya ruga da takalmi ƙafa ɗaya.

Matar Saje na zaune a bakin gado, ta riga ta ja bargon har bisa fuskarsa.

"Yaya... ya ji?"

Ta dube shi. "Ban sani ba, Tela. Ina gyara masa matashin kai ne. Wallahi ban sani ba."

Daga waje bakaniken ya ɗaga murya. "Baba, in kashe?"

"Ce masa ya bar ta," in ji ta.

Tela ya zauna a ƙasa, ya jingina da bango. A kan taga akwai kofin ruwan da aka ajiye wa Saje, da cokali a ciki. Ruwan na ta rawa a hankali, cokalin na ɗan buga bakin kofin.