Kogin Kan Tebur

Evaristo bai taɓa yarda da taswira ba. Cewa yake wanda ya zana ta daga jirgin sama ya hango kogin, ko ƙafarsa ba ta jiƙe ba. Shi ya sa duk watan Nuwamba, idan lokacin tsara babbar tafiyar da yake kai baƙi a kogi duk Janairu ya yi, sai ya sa in kwashe komai daga teburin kicin, ya zazzage fulawa ya baje ta da tafin hannu, ya ja kogin da yatsa tun daga gadar da ake saka kwale-kwalen roba har bakin tafkin da mota ke jira. Shekara ashirin da tara ina masifa a kan ɓarnar fulawar nan, shekara ashirin da tara yana yi min kunnen uwar shegu.

Ni ce Herminia, matarsa, kuma ni ce mai abinci. Da ƙuruciya tare muke tafiya, ina zaune kan durorin kaya ina riƙe da igiya ina kiran sunan Allah. Da gwiwa ta hana ni sai na koma shirya kayan daga gida: burodi nawa, busasshen nama nawa, wane duro za a buɗe a wane zango. Don haka dole in zauna wurin zanen. Duk magangara, wato inda ruwa ke hauka tsakanin duwatsu, ƙwayar wake ɗaya yake ajiye mata ya kira sunanta. Inda za a kafa tanti a kwana kuma, ɗan tafarnuwa. Wuri ɗaya ne ba ya samun wake, shi ne Maƙogwaro, bayan magangara ta goma. Nan kogin gaba ɗaya yake cusa kansa tsakanin bango biyu ya shige ƙarƙashin dutse, ba mai bi ya fito. A nan Evaristo wuƙar burodi yake ɗauka ya gitta a kan layin. Kowa ya sauka ta dama, a ɗauki jirage da kaya a kafaɗa, tafiyar rabin yini.

Ranar da nake ba da labari, Nolberto ya iso da hantsi da takalmansa duk taɓo. Shi ke tuƙa jirgi na biyu, kuma shi ya riƙe 'yarmu ranar baftisma, wannan ne ya sa yake ce min comadre, mu muna ce masa compadre, kuma yake ganin yana da izinin taka min daɓe yadda ya ga dama.

"Comadre, me aka soya?"

"An soya tsintsiya. Ga ta can bayan ƙofa, ka fara da ita."

Ya yi dariya ya ja kujera. Na ɗora buta a murhu, na zuba ganye a ƙoƙon mate, wato shayin da muke sha a ƙoƙo ɗaya muna miƙa wa juna. Baƙin bana mutum takwas ne daga Santiago, kwana shida, kwanan daji biyar. Ɗaya ta aiko cewa ba ta cin nama.

"Sai ki ba ta ciyawar bakin kogi," in ji Evaristo, yana naɗe hannun riga. "Ta ishe ta har ta yi guzuri."

Ya yi kyau a ranar, wannan ne abin da ya fi ci min rai. Ya yi aski, idonsa tar, muryarsa irin ta kan ruwa. Har na fara cewa a raina ƙila ni ce na cika tsoro. Domin tun watan Afrilu nake ganin abubuwa ina haɗiyewa. Na taɓa iske shi tsaye a rumfar jirage da famfon iska a hannu, yana tambayata me ya zo yi. Ya taɓa ɗora buta kan murhun da babu wuta ya zauna yana jira. Karenmu kuwa ya koma kiransa Chispa, sunan karyar da muka binne shekara shida da suka wuce. Ban gaya wa kowa ba, ko 'yarmu. Na ce gajiya ce, na ce sanyi ne, na ce duk tsoho haka yake.

Ya ja layinsa, ya ɗebi wake.

"Maraba, tsakiya za a bi. Kunnen Doki, hagu, kowa ya durƙusa cikin jirgi. Tukunya, a tuƙa da ƙarfi, kada wanda ya tsaya ɗaukar hoto. Suruka…"

"Allah ya jiƙanta," in ji Nolberto, wanda shi ya raɗa wa magangarar sunan. "Tana raye ta jiƙa ni, ta mutu ba ta fasa ba."

Haka suka yi ta gangarawa, wake na sauka, ina rubuta burodi. Zangon farko, zango na biyu. Ta takwas, ta tara, ta goma. Sai na ga yatsan Evaristo ya wuce kai tsaye, bai ko rage gudu ba. Ya ajiye ta sha ɗaya, ya ɗauki tafarnuwa ya dasa a ƙasa.

"Nan za mu kwana na uku. Da wuri ma za mu isa, da azahar."

Wuƙar tana nan kusa da burodi inda na bar ta. Na ce, "Tsoho, koma min daga ta takwas, ban gama rubutawa ba."

"Ke dai kullum a baya kike." Ya koma. Ta takwas, ta tara, ta goma, ta sha ɗaya. Sumul, kamar mai karanta addu'ar da ya haddace.

Na sa yatsa na turo wuƙar a hankali har ta taɓa gefen hannunsa. Ya dube ta, ya dube ni.

"Me zan yanka?"

Nolberto ya daskare da ƙoƙon a hannu, ya zuba min ido. Wallahi a lokacin ba ciwon mantuwar na tsana ba, Nolberto na tsana, don ya gani.

"Compadre, ƙoƙon nan ba naka ba ne kai kaɗai. Sha ka miƙo."

Bai sha ba. Ya ajiye shi, ya miƙa hannu ya ɗauki wuƙar, ya gitta ta tsakanin wake na goma da na sha ɗaya.

"Kai kuma meye haka?" Evaristo ya ce. "Ka yanke min kogi."

"Maƙogwaro, compadre."

Buta ta tafasa ta yi ta ihu, ban tashi ba. Evaristo ya sunkuya kan teburin ya daɗe. Can sai na ga yatsansa ya ɗaga, ya sauka gefen dama na wuƙar, ya ja siririn layi ya zagaye ta.

"Dutsen mai jan fenti," ya ce a hankali. "A nan ake fita. Ni na shafa fentin."

"Kai ka shafa shi," in ji Nolberto.

"Sau nawa na tsallake shi yau?"

"Biyu."

Ya juyo gare ni. Shekara talatin da huɗu muna tare, ban taɓa ganin wannan fuskar ba. Ba fushi a cikinta, da ma fushin ne da na san yadda zan yi da shi.

"Tun yaushe, tsohuwa?"

Ƙarya ta zo min har bakin leɓe. Na ce, "Tun Afrilu."

"Kika yi shiru."

"Na yi shiru."

"Da mutum takwas a hannuna."

"Ban manta da su ba. Kai na fi tunawa."

Nolberto ya gyara murya. Mutumin kirki ne, duk da taɓonsa. Ya ce ai ba sai an fasa da shi ba. Za a kira Yasna, wadda Evaristo da kansa ya koya wa tuƙi, yanzu shekararta goma tana jan baƙi, ta riƙe jirgi ɗaya. Shi kuma Evaristo ya zauna gaban jirgin Nolberto ya sha iska, ya ba baƙi labari.

"In zauna a gaba kamar buhun dankali?"

"Kamar babban baƙo."

Evaristo ya girgiza kai. "Ka san halin bakina. Muna dosar wurin zan ce a tuƙa gaba, kai kana cewa a yi dama. Muryar wa za su bi? Tawa ta fi taka ƙarfi, kai ma ka sani." Ya yi ɗan murmushi. "Ka kira Yasna. Ka gaya mata ta duba igiyar gaban jan jirgin, ta fara cinyewa."

Na rasa abin yi da hannuna, sai na zuba ruwa a ƙoƙon na miƙa masa. Ya shanye har ya yi ƙara, ya miƙo min, ya ce, "Na gode." A wurinmu ba a godiya kan mate sai mutum ya gama, a cire shi daga zagaye. Evaristo kuwa shi ne mai zama har ganye ya salance, har buta ta biyu ta ƙare. Ranar a zagaye na biyu ya fita. Ya tashi ya ɗauko tsumma ya share teburin da kansa, abin da bai taɓa yi ba, ya fita waje. Ta taga na hango shi bakin shinge ya juya wa gida baya, kafaɗunsa suna motsi. Na kifa kaina a kan teburin na yi kuka, Nolberto yana ta murza hularsa.

Na ɗauka mafi munin ya wuce. Na ce an yanka, an yi jini, saura jinya.

Washegari da safe na ji fito daga rumfar jirage. Na fita da zanen girki a ɗaure. Ga Evaristo ya baje jan jirgin a ƙasa yana hura masa iska, gumi a goshi, fuska fes.

"Tsohuwa! Malalacin compadren nan naki bai iso ba? Yau fa za mu tsara tafiyar Janairu. Mutum takwas ne, kin ji ko? Har da wata mai cin ciyawa."

Na tsaya riƙe da ƙofar. Ina iya cewa Nolberto gobe zai zo, in bar shi ya wuni cikin farin cikinsa, gobe ma in ce gobe. Na so in yi haka, Allah ya sani na so. Amma Janairu za ta zo, mota za ta tsaya a ƙofar gida, zai ɗauki filafilinsa na tuƙi ya fita.

Na ce, "Ajiye famfon nan, tsoho. Zo ka zauna, akwai magana."

Daga ranar zuwa tashin tafiyar, sau tara na gaya masa. Wata rana yakan riƙe maganar kwana huɗu, wata rana ko wuni ba ta yi. Duk lokacin sai ya tambaye ni tun yaushe, duk lokacin sai fuskar nan ta dawo sabuwa, domin shi karon farko yake ji. A na taran na kasa kai ƙarshe, kuka ya ci ƙarfina tun a tsakiya. Ya matso da kujerarsa, ya kama hannuna biyu cikin nasa masu kaushi.

"Haba, tsohuwa, daina kuka," ya ce. "Gara da kika gaya min da wuri. Sau ɗaya ne za a sha zafin, shi ke nan ya wuce."